Daga Kunne Zuwa Ido: Bunƙasar Fasahar Talabijin da Harshen Sharhin Wasanni a Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun daɗe suna bibiyar harshen kafofin watsa labarai, musamman ta fuskar fassara da aron kalmomi. Littafin McIntyre da Meyer-Bahlburg na 1991, Hausa in the Media, shaida ne a kan irin ɗimbin kalmomin da gidajen rediyo suka samar wa harshen. Sai dai akasarin hankali ya karkata ne ga labarai, wato harshen da ake rubutawa a takarda, a tace shi, kafin a karanta. An bar wani reshe a baya wanda ba a rubuta shi, ba a kuma samun sukunin tace shi, shi ne sharhin wasanni kai tsaye. Alhali kuwa da wuya a sami wata rajista da take shiga kunnen matasa, ta kuma fito daga bakinsu, kamar ta ƙwallon ƙafa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa harshen sharhi yana tafiya ne bisa na'urar da take ɗauke da shi. Duk lokacin da fasahar talabijin ta ƙara mataki, takan karɓe wani aiki daga bakin mai sharhi, ta ɗora masa wani sabo. Sharhin Hausa kuwa rainon rediyo ne, kuma ko da an aza shi bisa hoto, kayan rediyo yake ɗauke da su. Za a fara da bin diddigin fasahar, sannan a auna harshen ta fuskar kalmomi da ginin jimla, daga ƙarshe a dubi abin da filin dambe da kokawa yake iya koya wa mai sharhin talabijin.

2.0 Rediyo: Baki a Madadin Ido

Ranar 22 ga Janairu, 1927, BBC ta watsa sharhin wasan ƙwallon ƙafa kai tsaye a rediyo karo na farko, tsakanin Arsenal da Sheffield United a filin Highbury da ke Landan. Mai sharhin shi ne Teddy Wakelam. Abin lura shi ne dabarar da aka yi don mai saurare ya san inda ƙwallo take. Mujallar Radio Times ta buga zanen filin wasa, an raba shi gida takwas, kowane gida da lambarsa. Yayin da Wakelam yake bayanin wasa, wata murya ta biyu tana kiran lambar gidan da ƙwallo ta shiga. Wannan ya nuna tun daga tushe cewa babban aikin sharhin rediyo shi ne ya zame wa mai saurare ido: wane ne, a ina, me ya yi.

Charles Ferguson, a maƙalarsa ta 1983 a mujallar Language in Society, ya yi nazarin harshen masu sharhin wasanni a matsayin rajista mai zaman kanta. Daga cikin siffofin da ya fito da su akwai taƙaita jimla ta hanyar shafe wasu sassanta, da sauya jerin kalmomi, da yawan amfani da daskararrun furuce-furuce. Duk waɗannan ƙarancin lokaci ne ya haife su. Ƙwallo ba ta jiran jimla ta kammala.

3.0 Matakan Fasahar Talabijin

3.1 Kyamara

A gasar Olamfik ta Barlin a 1936 aka fara nuna babban taron wasanni ta talabijin. Da yake mutane ba su da akwatunan kallo a gidajensu, sai aka tanadi ɗakunan kallo na jama'a a Barlin da Potsdam. Ashe ke nan gidan kallon ƙwallo da muka sani a unguwanninmu ba baƙon abu ba ne a tarihin wannan fasaha, da shi ma aka fara. A 1937 BBC ta nuna gasar tanis ta Wimbledon da wani ɓangare na wasan Arsenal da 'yan wasanta na ko-ta-kwana, a 1938 kuma ta nuna wasan ƙarshe na kofin FA. A Amurka, NBC ta nuna wasan besbol tsakanin jami'o'in Columbia da Princeton a 1939 da kyamara guda tak. Gasar cin kofin duniya ta 1954 a Suwizalan ita ce ta farko da aka nuna a talabijin.

Hoton wancan zamani dishi-dishi yake, baƙi da fari, kuma daga nesa. Saboda haka mai sharhi bai rabu da aikin rediyo gaba ɗaya ba. Amma dai kyamara ta karɓe tambayar "a ina", ta bar masa "wane ne".

3.2 Maimaici

Kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar hoto a zare a 1956. Ranar 7 ga Disamba, 1963, wani daraktan CBS mai suna Tony Verna ya yi amfani da irin wannan na'ura ya sake nuna wani ci nan take, a wasan ƙwallon Amurka tsakanin makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa. Sai da mai sharhi, Lindsey Nelson, ya ja kunnen masu kallo cewa ba wani sabon ci aka yi ba, na ɗazu ne ake sake gani. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci ga masanin harshe. A karo na farko, abin da ido yake gani yanzu ba yanzu yake faruwa ba, kuma harshe ne kaɗai yake iya raba lokutan biyu. Da aka ƙara da hoto mai tafiyar hawainiya, sai aikin mai sharhi ya tashi daga ba da rahoto ya koma fayyace dalili.

3.3 Tauraron Ɗan'adam da Launi

An aika hotunan Olamfik ta Tokiyo ta 1964 zuwa Amurka ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 3. A 1967 BBC ta nuna Wimbledon da launi. Gasar kofin duniya ta 1970 a Meziko ta haɗa abubuwan biyu, kuma a cikinta aka fara amfani da jan kati da rawaya, alamomin da kowa yake ganewa ba tare da tafinta ba. Ita kanta ƙwallon gasar, mai suna Telstar, an yi mata zanen baƙi da fari don ta fito sarai a akwatunan da ba su da launi. Hukumar tanis ta duniya ta amince da ƙwallo mai launin rawaya a 1972 domin ta fi ganuwa a allo. A wannan mataki wasa da kansa ya fara sake kama don ya dace da kyamara.

A 1992 aka kafa gasar Firimiya ta Ingila bisa yarjejeniyar fam miliyan 304 ta shekara biyar, wadda ta ba tashar Sky ikon nuna wasanni kai tsaye. A shekarar ce kuma tashar ta fara liƙa sakamako da agogo a kusurwar allo daga farkon wasa har ƙarshensa. Mai sharhin rediyo dole ne ya riƙa nanata ci nawa aka yi, minti nawa ya rage. Wannan ɗan rubutu ya sauke wa na talabijin wannan nauyi.

3.4 Hoto a Matsayin Shaida

Mataki na baya-bayan nan shi ne shigar kyamara cikin hukunci. An fara amfani da Hawk-Eye a watsa wasan kurket a 2001, ta shiga hukuncin tanis a 2006. A ƙwallon ƙafa, ƙwallon da Frank Lampard na Ingila ya buga wa Jamus a 2010 ta tsallake layi, duniya ta gani a maimaici, alƙali bai gani ba. A gasar 2014 a Barazil aka yi amfani da na'urar layin raga, wadda take aika saƙo zuwa agogon alƙali cikin daƙiƙa ɗaya. A gasar 2018 a Rasha aka shigo da VAR. Daga nan hoto ya zama shaida a gaban alƙali, mai sharhi kuma ya zama mai bayanin doka.

4.0 Yadda Abin Ya Iso Nijeriya

An buɗe tashar WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959. Ta Inugu ta biyo baya a 1960, ta Kaduna a 1962. Tashar Binuwai-Filato da ke Jos ce ta fara watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. Duk da haka, a zamanin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Legas a 1980, inda ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, rediyo ne ya fi isa ga jama'a, kuma muryar Ernest Okonkwo ta Rediyon Nijeriya ita ce ma'aunin sharhi. Ya shahara da laƙaba wa 'yan wasa sunaye, irin su Segun Odegbami da Christian Chukwu, sunayen da suka bi su har bayan sun daina wasa.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, DStv kuma ta fara aiki a 1995. Da tauraron ɗan'adam da janareto suka haɗu, sai gidajen kallo suka bazu a birane da ƙauyuka. A nan ne aka sami wani rabon aiki mai ban sha'awa. Hoto yana zuwa da sharhin Ingilishi, 'yan kallo suna yin nasu sharhin da Hausa a kan benci, gidajen rediyo kuma, ciki har da sashen Hausa na BBC, suna yin nasu ga wanda ba ya gaban allo. A gasar 2018 tashar SuperSport ta sa sharhi da Fijin, abin da ya nuna cewa masu kasuwar hoto sun gane darajar harshen gida. Tambayar da ta rage wa Hausa, da ma Yarabanci da Ibo, ita ce wane irin harshe za a aza bisa hoton.

5.0 Harshen Sharhin Hausa

5.1 Kalmomi: Tsawo da Sauri

Hausa ta bi hanya uku wajen samar da kalmomin ƙwallo. Akwai aro tare da hausantarwa, kamar gola da rafali da kwana da fanareti da koci. Akwai faɗaɗa ma'anar kalmomin gida, kamar alƙali da raga da ci da farkewa da canjaras da kunnen doki. Akwai kuma ƙirƙira ta hanyar bayani, kamar satar gida da bugun tazara da hutun rabin lokaci.

Hanya ta biyu ita ce ta fi albarka. Wanda ya ce an farke ƙwallo, ko an tashi kunnen doki, bai ari komai ba, kuma ba ya bukatar ƙarin bayani. Satar gida ma ƙirƙira ce mai kyau, domin gaɓa huɗu ce, kuma ta kama ruhin laifin, wato shiga wuri a ɓoye kafin lokacin da ya halatta. Matsala tana ga ƙirƙirar da ta zama jimla. Dubi waɗannan:

(1) a. bugun daga kai sai mai tsaron gida (gaɓa 11)
b. fanareti (gaɓa 4)

(2) a. wasan dab da na kusa da na ƙarshe (gaɓa 11)
b. kwata fainal (gaɓa 4)

Na (a) an ƙera su ne a ɗakin labarai, domin mai sauraren da bai taɓa ganin abin ba. A wurinsa sun biya bukata, domin kowannensu ma'ana ce cikakkiya. Amma mai kallo yana ganin ɗan wasa tsaye shi kaɗai gaban mai tsaron gida, ba ya neman a siffanta masa. Abin da yake so suna ne gajere da zai furta cikin ihu. Shi ya sa a gidan kallo na (b) ake ji. Bai kamata a ɗora wa matasa laifin ƙyamar harshensu a nan ba. Ma'auni ɗaya suka bi, wato tsawon numfashi, kuma duk ƙirƙirar da ta kai gaɓa goma sha ɗaya ta faɗi wannan ma'auni tun kafin a busa usur.

Katunan alƙali ma suna da darasi. Ɗaya an kira shi da launinsa, jan kati. Ɗayan kuwa sau da yawa da aikinsa ake kiran sa, katin gargaɗi, ko da yake ana jin katin ɗorawa da yalo. Sunan aiki ya fi amfani ga mai saurare, sunan launi ya fi dacewa da mai kallo. Zaman sunayen tare alama ce ta rajistar da take tsakanin kunne da ido.

5.2 Ginin Jimla: Kai Tsaye da Maimaici

Misalan da ke tafe an gina su ne don nuna tsari. Sharhin rediyo na Hausa yakan jera gajerun jimloli cikin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, ana tsarma lokaci mai ci:

(3) Ya karɓa a tsakiyar fili, ya juya, ya yanke mutum ɗaya, yana tafe ta dama, ya ɗaga, an sa kai, ta fita!

A rediyo wannan gwaninta ce. A talabijin kuwa, rabin abin da aka faɗa ido ya riga baki sani. Mai kallo ya ga juyawa, ya ga yanka, ya ga ɓangaren dama. Abin da bai gani ba shi ne abin da kyamara ta bari a waje: wane ne ya bar wurinsa har aka sami wannan sarari, me ya sa koci ya sauya tsari. Mai sharhin da ya cika daƙiƙoƙinsa da (3) ya toshe wurin da wannan bayani zai shiga.

A wajen maimaici kuwa, Hausa tana da wani makami da Ingilishi ba shi da irinsa. Dubi bambancin:

(4) a. Sun yi karo!
b. A nan ne suka yi karo.

(5) a. An taɗe shi!
b. Kun ga inda aka taɗe shi.

Shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya (sun, an) yana sanar da aukuwar sabon abu. Na biyu (suka, aka), a irin wannan gini, yana ɗaukar cewa an riga an san abin ya auku, saura a nuna wuri ko hali ko dalili. Ko a mutum na uku tilo, inda rubutu ba ya bambanta "ya" da "ya", kunne yana bambantawa, domin wasalin na ɗaya dogo ne, na biyu gajere. Ma'ana, gargaɗin da Lindsey Nelson ya yi da cikakkiyar jimla a 1963, Bahaushe yana iya yin sa da lamirin lokaci kaɗai. Mai sharhin da ya maimaita (4a) a kan hoton maimaici ya yi kuskuren rajista, ya kuma yar da gadon da nahawun harshensa ya ba shi kyauta. Wannan wuri ne da malamin nahawu yake da abin faɗa wa ɗan jarida, kuma horon bai wuce na zama ɗaya ba.

5.3 Matsalar "Na'ura"

An saba fassara VAR da "na'urar taimaka wa alƙalin wasa". Banda tsawonta, gaɓa 12, fassarar tana da aibi a ma'ana. Cikakken sunan da haruffan suke wakilta mutum yake nufi, wato mataimakin alƙali da yake zaune gaban allo yana duba hoto. Bisa dokar 2018, abu huɗu yake dubawa: ci, da fanareti, da jan kati na kai tsaye, da kuskuren hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Shawara yake bayarwa, hukunci na ƙarshe yana hannun alƙalin fili. Na'urar layin raga kuwa na'ura ce ta haƙiƙa, ba ta da ra'ayi, aunawa kawai take yi.

Da aka kira duka biyun na'ura, sai mai saurare ya kasa raba awo da ra'ayi. Idan aka ce na'ura ta soke ci, an ba hukuncin ɗan'adam rigar ma'asumi, ko kuma an koya wa mutane zargin inji a kan abin da mutum ya yanke. Wannan maƙala tana ba da shawarar "alƙalin hoto" ga mutumin, gaɓa biyar, a bar "na'ura" ga abin da yake na'ura. Ko ba a karɓi wannan ba, wajibi ne duk sunan da za a zaɓa ya nuna cewa mutum ne.

5.4 Darasi Daga Filin Dambe

Akwai zaton cewa sai daga Turai za a koyo salon magana a kan wasan da ake gani. Tarihin Hausa bai goyi bayan wannan zato ba. A filin dambe da kokawa jama'a suna kallo da idonsu, kuma makaɗi da sanƙira suna magana a kan abin da ake kallo. Ba su cewa wane ya kai naushi da dama, domin kowa ya gani. Abin da suke kawowa shi ne abin da ido ba ya gani: sunan ɗan wasa da asalinsa da garinsu da mazajen da ya kayar, da nauyin abin da za a rasa idan aka sha ƙasa. Abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ke nan, har sunansa ya kai inda damtsensa bai je ba. Suna kuma sanin lokacin da za su bar kalangu da sowar jama'a su yi magana. A Nijar, inda ake gasar kokawa ta neman Takobi tun 1975, ana kuma nuna ta a talabijin, tsohon salon da sabuwar na'ura suna haɗuwa a fili guda.

Matsayin sanƙira, wato mai magana da mutanen da suke gani, ya fi kusa da na mai sharhin talabijin fiye da matsayin ɗan rediyo. Laƙabin da Okonkwo ya riƙa yi wa 'yan wasa ɗan'uwan kirari ne, kuma shi ne ɓangaren aikinsa da hoto ba zai iya karɓewa ba. Sai dai akwai iyaka. Sanƙira yana da ɓangare, kuma da kyautar gwaninsa yake ci. Mai sharhi kuwa amanar magoya bayan ƙungiya biyu take wuyansa. Abin ɗauka shi ne zaɓen abin faɗa da sanin lokacin shiru, ban da zuga ɓangare ɗaya.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kyamara ta karɓe bayanin wuri, rubutun allo ya karɓe ƙidayar ci da lokaci, maimaici da VAR kuma suka ɗora wa mai sharhi bayanin dalili da na doka. An kuma ga cewa Hausa tana da abin da wannan sabon aiki yake bukata, a cikin nahawunta da al'adar filin wasanta, amma keɓaɓɓun kalmominta na ƙwallo an yanka su ne a kan jikin rediyo.

Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya nuna cewa masana suna iya zama su daidaita kalmomin fanni. Wasanni suna bukatar irin wannan zama, da sharaɗi uku. Na ɗaya, a fara da naɗar sharhi na gaskiya daga rediyo da talabijin da gidajen kallo, a rubuta shi, domin a san abin da ake faɗa kafin a yanke abin da ya kamata a faɗa. Na biyu, masu sharhi su zauna a teburin, domin su ne za su furta abin da aka ƙera. Na uku, a gwada kowace kalma da agogo, wadda ba ta furtuwa kafin ƙwallo ta bar ƙafa ta isa raga a ajiye ta ga ƙamus. Haka kuma akwai bukatar kwatanta abin da aka samu da na Yarabanci da Ibo da Fijin, domin hoto ɗaya ake aza musu duka. Idan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu ba su shiga wannan aiki ba, rajistar za ta ci gaba da ginuwa a gidajen kallo, kuma aro ne zai cike duk gurbin da aka bari.